Ranar da Tela Ya Auna Doki

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran kofaton dawaki, kuma doki ɗaya tak na taɓa sa wa ɗingishi da hannuna. Na mutanen waje duk sun tsira lafiya. Wanda na samu shi ne na yayana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya tela ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da madubin da ya tsage tun ina saurayi. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifinmu, kuma har yau da furfurata Auta yake ce mini. Abu ɗaya kowa ya sani game da shi: ba ya kuskuren awo. Tef ɗinsa a wuyansa yake kwana, a wuyansa yake tashi. In ka dawo masa da wando ka ce ya matse ka, sai ya dube ka daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ka ƙara ƙiba." Ka je ka hau sikeli, wallahi za ka tarar haka ne.

Bayan rasuwar matarsa likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki saboda gwiwarsa. Yaya ya ce shi bai iya tafiya ba dalili ba, ba mahaukaci ba ne. Sai wata rana ya bi ni bargar da ke ƙarshen layinsu, bayan lambun shaƙatawa, inda nake zuwa aiki duk mako shida. A nan ya ga wani ɗan duƙushi mai ƙaton kai yana cin igiyar ƙofa. Kafin in gama kofato huɗu ya riga ya daidaita da mai shi. Ya sa masa suna Maɓalli.

Bari in ɗan yi bayani, don mutane da yawa in sun ga doki gani suke doki doki ne. Akwai na tsere, dogaye, ciki a shafe, ƙafa siririya, zuciya a kusa, leda ta tashi a iska sai su nemi hawa katanga. Akwai na jan kaya, ƙirji faffaɗa, gashi har kan kofato, kofaton kuma kamar faranti, in ya taka ka sai ya gama tunaninsa kafin ya ɗaga. Akwai masu ƙaramin kai da lanƙwasasshen wuya da wutsiya a sama, waɗanda masu su ke ajiye takardar asalinsu a cikin leda. Sannan akwai kuru. Kuru gajere ne, ga tumbi, ga geza mai kauri, ga wayon tsiya. Mutane na ganinsa su ce, "Ayya, ɗan jariri, yaushe zai girma?" Ya girma, malam, shekararsa ashirin, iyakarsa ke nan.

Uwar Maɓalli kuru ce tsantsa. Ubansa kuwa har yau babu wanda ya amsa laifin, amma ana zargin wani ƙaton mai jan kaya da ya taɓa tsinke igiya. Saboda haka ya fito da gajerun ƙafafun uwa, da ƙirji da kafaɗun uba, kafaɗu sun bunƙaso gefe da gefe kamar an cusa masa matashin kai. Ba kyakkyawa ba ne, kuma na faɗa wa Yaya tun ranar farko. Ya ce ni ma haka aka ce da aka haife ni.

Tsarin bargar mai sauƙi ne. Ɗaki goma sha biyu ne, doki ɗaya a kowane ɗaki. Ka ajiye dokinka a nan, sharaɗi shi ne ranar Asabar da Lahadi yara su hau shi a zagaya da su fili. Shekara shida Yaya yana fita da sassafe, ya ja gwiwarsa zuwa ƙarshen layi, ya goge Maɓalli, ya tsefe masa geza, ya ba shi labarin masu kawo ɗinki, sannan ya dawo ya buɗe shago. Da yamma ya sake komawa. Bayan wannan barga babu wata kusa. In Maɓalli ya rasa ɗaki a nan, sai gonar surukin Yaya, tafiyar awa biyu a mota, kuma rabin awa kaɗai in Yaya ya yi a zaune cikin mota gwiwar nan kumbura take yi ya kwana uku bai taka ba.

Sai aka kawo sabon Manaja. A makonsa na biyu wata yarinya ta sulluɓo daga bayan dogon dokin wani lauya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, tashi ta yi tana dariya, amma uwarta ta yi ihun da ya ishi mutum uku. Washegari aka manna takarda a ƙofar barga. Daga ƙarshen wata, kuru kaɗai za a ajiye. Duk dokin da ya haura inci hamsin da takwas daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, wato ƙashin nan da ke inda wuya ya haɗu da baya, mai shi ya kwashe abinsa. Likitar dabbobi za ta zo ranar Alhamis ta auna tsawo, ta kuma duba lafiya. A ƙasa aka ƙara cewa akwai mutum bakwai masu kuru da ke jiran ɗaki.

Ranar Talata da rana ina tsakar gida ina wasa wuƙa sai ga Yaya ya shigo. Bai saba zuwa gidana ba sai da dalili. Matata ta kawo masa kujera da ruwa, ya zauna, bai sha ba.

Ya ce, "Auta, na auna shi. Hamsin da takwas da kwata uku."

Na ce, "Maɓallin?"

"Sau uku na auna."

To, ga inda nawa laifin ya fara. Idona ya ce mini dokin nan bai kai haka ba. Shekara shida ina durƙusawa a ƙarƙashinsa, na san inda bayansa yake tsaya mini a ƙirji. Kuma ina da sandar awon doki, tana bayan motata a ƙarƙashin kayan aiki, taku goma daga inda muke zaune. Amma ka ce wa Yaya, "Bari in sake aunawa"? Mutumin da ya koya mini karanta tef tun kafin in iya karanta sunana? Bakina bai iya ba. Na ce a raina ƙila kaurin dokin ne ke ruɗin idona.

Ya ce, "Takalmin ƙarfen nan da ka buga masa, kaurinsa nawa?"

"Kwata, ko da ɗan ɗoriya."

"In an cire, saura rabi."

Na gane inda ya dosa. Na ajiye wuƙar na ce, "Yaya, kofato fa ba ƙafar wando ba ce."

"Ai na ga kana yankewa duk mako shida."

"Abin da ya tsiro nake yankewa! Kuma mako biyu ke nan da na gyara masa, babu abin ragewa. Rabin inci? A ƙarƙashin wannan akwai nama, akwai jini. Haba Yaya! Sai ka ce ba dokinka ba?"

Na yi ta faɗa, ni dama ba a raina ni wajen ɗaga murya. Na zagi Manaja, na zagi lauya da dogon dokinsa, na haɗa da uwar yarinya. Matata ta leƙo ta koma. Yaya ya bar ni har na gaji don kaina. Sai ya ɗauki ruwan ya kurɓa, ya dafa gwiwa ya miƙe.

Ya ce, "To shi ke nan. Zan saba."

Da zagina ya yi, da na tsira. Amma ya ce zai saba, ya juya yana jan ƙafa zuwa ƙofa, na ga ƙeyarsa duk ta yi fari, tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Gobe da safe zan zo."

Laraba da safe na shiga ɗakin Maɓalli da akwatin aiki. Yaya ya riƙe ragama. Na zare ƙusoshi, na cire takalman huɗu na jingine a bango. Na ɗora ƙafar gaba a cinyata na sa awartaki na zagaye bakin kofaton, na bi da magagari. Da farko abin da ke zubowa fari ne busasshe, irin wanda ba ya ciwo. Sai ya koma mai laushi. Sai na fara ganin ɗan ja-ja yana nunowa ta ƙarƙashi. Duk wanda ya yi wata uku a sana'ar nan ya san nan ne ake tsayawa. Na danna tafin kofaton da babban yatsa, na ji ya lotsa, dokin ya ɗan zabura.

Yaya ya ce, "Ya kai?"

Na ce, "Saura kaɗan."

Na ci gaba. Kuma in ka rage ɗaya dole ka rage sauran ukun, in ba haka ba doki ya tsaya a karkace. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Maɓalli bai yi harbi ba, bai yi cizo ba, sai dai in na sauke ƙafa ya ajiye ta a hankali, ya ɗaga, ya sake ajiyewa. Yaya yana shafa masa wuya yana cewa ya yi haƙuri, na kwana biyu ne. Da na gama na share wurin da kaina, na zuba masa ciyawa mai kauri a ƙasa, na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Ranar Alhamis barga ta cika. Kowa da dabararsa. Wani ya sa an yi ta zagaya fili da goɗiyarsa tun asuba don ta gaji ta saki jiki. Wani ya aske wa nasa gashin doron kafaɗa tas har fata na ƙyalli. Lauya kuwa, wanda dokinsa ko makaho ya shafa ya san ya wuce, ya zo da takardar asali mai hatimi uku, yana bayanin cewa kakar kakar dokin gajera ce.

Likita mace ce matashiya, ba ta da yawan magana, kuma ta san ni, don ta sha turo mini masu doki. Ta zaɓi wuri mai siminti a bakin rumbun ciyawa, ta zuba ruwa ta ga bai gangara ko'ina ba, sannan ta kafa sandarta. Sanda ce miƙaƙƙiya mai hannu a gicciye, ana zuge hannun ya sauko ya zauna a doron kafaɗa. Manaja na gefe da allon rubutu. Dokin lauya ya ba da sittin da huɗu. Likita ta ce kakar kakar tasa ta zo da kanta a auna ta.

Mu ne na tara. Tsakanin ɗakin Maɓalli da simintin akwai tsakuwa, taku ashirin. Na so in ja shi ta gefen ciyawa, amma mutane sun tare. Ya tako tsakuwar nan yana zaɓen inda zai sa ƙafa, kansa na sunkuyawa da kowane taku. Na ga Likita ta bi ƙafafun da ido. Ta jira ya tsaya daidai, ta sauke hannun sandar.

Ta ce, "Hamsin da shida da kwata."

Manaja ya rubuta. Ni kuwa nan take na yi lissafin, don bai da wuya. Kwata uku na rage masa. Ashe tun farko hamsin da bakwai ne, da takalminsa da komai, inci guda cur a ƙasa da doka.

Da wani mutum ne, da sai ya yi shiru ya gode wa Allah. Ban da Yaya.

Ya ce, "'Yata, sake aunawa. Sandarki ba daidai take ba."

Likita ta ce, "Baba, ai ya tsira. Yana ƙasa da iyaka."

"Na ji. Amma ba haka tsawonsa yake ba. Hamsin da takwas ne yanzu."

Na ja hannun rigarsa, ya fizge. Ya zare tef daga wuya, ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo a gaban kowa. Ya sa bakin tef a ƙasan kofato, ya bi da shi ƙafa, ya danna a gwiwar dokin da yatsa, ya haura, ya kwantar da shi a kan ƙatuwar kafaɗar nan da ta bunƙaso, ya bi lanƙwasarta a tsanake ba tare da ya bar ko ɗan sarari tsakanin tef da fata ba, har ya kai doro. Ya riƙe wurin da farce ya nuna mata.

"Hamsin da takwas. Duba da idonki."

Likita ta dubi tef, ta dubi Yaya.

Ta ce, "Baba, riga za ka ɗinka masa?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya, lauya ne, Allah ya saka mini. Likita ba ta yi dariya ba. Ta yi masa bayani a hankali cewa tsawon doki a miƙe ake ɗaukarsa, daga ƙasa zuwa sama, ba a bin jiki. Yaya ya dubi sandar, ya dubi kafaɗar, ya sake duban sandar. Shekara hamsin yana bin jikin mutane da tef, ƙirji da ƙugu da damtse, kuma bai taɓa auna wani abu a iska ba. Ya naɗe tef ɗin a hannu ya sa a aljihu.

Sannan Likita ta sunkuya ta ɗaga ƙafar gaba. Ta daɗe tana kallo. Ta danna da yatsa, Maɓalli ya fizge. Ta zagaya sauran ukun.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne."

"Kai?"

Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta ƙara da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara sana'a. Ta ce a ja shi ya je ya dawo a kan siminti. Ya je ya dawo yana ɗingishi da ƙafa huɗu, abin da ko ni ban taɓa gani ba. Ta ce zai warke, amma sai kofato ya tsiro, wata biyu zuwa uku, kuma kafin nan ko kyanwa kada a ɗora masa. Ta karɓi allon ta rubuta da hannunta: tsawo ya yi, lafiya ba ta yi ba.

Na bi Manaja har ofishinsa. Na ce wata uku ne kawai. Na ce zan riƙa gyara kofaton duk dawakin bargar kyauta har dokin ya warke. Ya ce ɗaki na dokin da yara za su hau ne, kuma mutum bakwai suna jira, wasu tun bara. Na ɗaga murya, na ce masa shi da bai san gaban doki da bayansa ba ya zo ya tarwatsa mutane da takarda. Ya bari na gama, ya gyara gilashinsa.

Ya ce, "Malam, ni na yanke masa kofato?"

Na fito.

Kwana tara suka rage a watan. Kullum ina zuwa in wanke ƙafafun in sa magani, Yaya na riƙe da ragama, ba mai ce wa wani komai sai "ɗaga" da "sauke". A rana ta huɗu na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, ka yafe mini. Na san bai kai ba tun da ka faɗa. Sandar tana cikin motata."

Ya ce, "Ni na auna."

"Ni na yanka."

Ya koma kan tsefe geza. Can ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Na ce, "Kai ne fa."

Ya ci gaba da tsifa har ya kai ƙarshen wuya.

Ranar ƙarshen wata surukinsa ya zo da motar ɗaukar dabbobi. Matakalar motar ƙarfe ce mai gurzau, na tsaya ina tunanin yadda dokin zai taka ta. Sai Yaya ya buɗe jaka ya fito da wasu safa huɗu na tamfol, ya yi musu shafi uku na soso a ƙasa, da igiyar ɗauri a sama. Kwana biyu ya rufe shago yana ɗinka su. Na ɗaga ƙafa, yana zurawa, kowace ta zauna ɗas. Maɓalli ya hau a hankali, aka rufe ƙofa. Suruki ya yi alkawarin turo hoto duk mako. Motar ta fita ta ƙofar baya, kuma kafin ta kai kwana an riga an shigo da wani kuru ja mai farin goshi ana zuba masa dusa a ɗakin.

Yaya ya ce mu biya ta ofis. Ya tambayi Manaja ko dokin da ya warke yana iya dawowa. Manaja ya ce ƙwarai, sai dai ya bi layi, ya turo masa takardar masu jira da biro. An soke suna ɗaya, na mai kurun nan ja. Wasu biyu sun samu ɗakin lauya da na wani, amma sababbi sun shiga tun da aka ji labarin. Yaya ya rubuta nasa a ƙasa, ya ƙirga da bakin biro. Shi ne na takwas.

Ya ce, "Kamar yaushe ɗaki ke buɗewa?"

Manaja ya ce, "Yanzu da duk kuru ne, ɗaya a shekara, in an yi sa'a. Kuru akwai tsawon rai."

Shekarar Yaya saba'in da biyu. Ya gyaɗa kai, ya rufe biron ya miƙa wa Manaja, ya yi masa godiya. Muka fito bakin ƙofa, inda akwai 'yar matakala guda biyu, sai ya tsaya yana kallonta.

Ya ce, "Auta, ɗan riƙe ni."

Ban taɓa jin ya ce wa kowa haka ba. Na sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa muka sauka.